Janairu Ba Nama a Birnin Lesta

Lahadi, 5 ga Janairu
Bayan la'asar muka haɗu a zauren taron unguwa, kowa da kwanon abincinsa. A nan Ingila, Janairu wata ne da jama'a da dama ke gwada barin nama, kifi, madara da ƙwai. Shirin sunansa Veganuary, Jane Land da Matthew Glover ne suka fara shi a 2014, kuma wata guda kacal ake nema: ka gwada ka gani. Alale na kai, na manja, ba kifi ba ƙwai. Aka zagaya kowa ya faɗi dalilinsa. Wani direban bas ya ce hawan jini ne ya koro shi. Wata ɗaliba ta ce ɗumamar yanayi. Ni 'yan tsaki ne suka tsaya mini a rai: a masana'antar ƙwai, tsakon da ya fito namiji ranar ƙyanƙyasarsa ake kashe shi, tunda ba zai yi ƙwai ba. Jamus ta hana haka tun farkon 2022. Sai wata mata mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, uwar 'ya'ya uku, ta ce ita ba ta ɗauki alkawarin komai ba, ragewa take son yi. Wani saurayi da ke gefena ya ɗaure fuska.

Litinin
Cefane. Dokar ƙasar nan ta tilasta a fito da sunan madara da ƙwai ɓaro-ɓaro a jikin kwalin abinci, don masu rashin lafiyar da ba sa jituwa da su. Karatun kwali ba baƙon abu ba ne ga Musulmi a Turai, da ma mun saba neman gelatin a alewa. Daddawa da busasshiyar kuɓewa a titin Narborough na samo su.

Talata
Na kira Inna. Da ta ji labari shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke, ciwo ne ko babu ce? In kuɗi ne ki faɗa wa yayanki." Na ce lafiyata lau. Ta ce, "To ki kiyaye, kada ki haramta abin da Allah ya halatta." Na ce, "Inna, ban ce haram ba ne. Halal ne, ni ce dai na ɗaga hannu daga wanda ake samarwa ta wannan hanyar." Ta tambayi layya, na ce ibada tana nan a matsayinta. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Matar da ta raine mu a lokacin da tsoka ɗaya ake yanka wa yara huɗu, dole ta ji barin nama da gangan wani iri. Kafin mu yi sallama ta ce za ta aiko mini da kuka da zogale in an samu mai tahowa.

Laraba
Yau abin ya ɓaci. Muna girkin haɗin gwiwa, matar nan mai aikin dare ta ce jiya wajen ƙarfe uku yunwa ta ci ƙarfinta, ba komai a ɗakin ma'aikata sai burodi da cuku, ta ci. Ta faɗa ne don a ba ta shawara. Saurayin ya ajiye wuƙa ya ce tausayi ba a yin rabinsa, ya zaro waya zai nuna mata yadda ake raba ɗan maraƙi da uwarsa. Ta ce ta sani. Ya ce sanin ne ya sa laifin ya fi girma. Ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta ta fita, ba wanda ya iya cewa uffan.

Abin da ya faɗa game da maruƙa gaskiya ne. A yawancin gonakin madara na nan, kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ake barin maraƙi da uwarsa. Ni da na tashi ina ganin tatsa a rugar da ke bayan garinmu, inda sai ɗan maraƙi ya fara tsotsa kafin nono ya sauko, abin yana yi mini ciwo fiye da yadda yake zato. Amma me faɗansa ya tsinana wa maraƙi? Matar da ta rage nama a tukunyar mutum huɗu ta fita da kunya, kuma mai jin kunya ba ya komawa inda aka kunyata shi. Ita kanta ƙungiyar Vegan Society, wadda Donald Watson da abokansa suka kafa a 1944 lokacin yana koyar da aikin kafinta a wannan birni, ta sa sharaɗin gwargwadon iko a cikin bayanin manufarta. Ikon ɗalibi marar iyali daban yake da na uwar da ke tashi aiki ƙarfe bakwai na safe ta wuce kai yara makaranta.

Alhamis
Wata dattijuwa 'yar asalin Gujarat, wadda ba ta taɓa cin nama ba tun haihuwa amma yanzu take fama da barin man shanu, ta kira ni ta ce mu je gidan matar. Tun daren jiya na jiƙa waken suya. Da safe na markaɗa, na tace da ƙyalle, na ɗora ruwan a wuta. Da ya tafasa na zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, nan take ya tsinke, farin ya taso sama gaya-gaya, ruwan ƙasa ya koma ɗorawa. Na kwashe a ƙyalle, na danne da turmi, na yanka na soya. Awara ke nan, irin wadda 'yan mata ke soyawa a bakin titi a Kano da Zariya, ita ce kuma ake sayarwa da tsada a nan.

Matar ta buɗe mana ƙofa da idanun wanda bai yi barci ba. Dattijuwar ba ta ɗauko zancen jiya ba, tukunyar miyar wake kawai ta ɗora a murhu ta ce, "'Yata, ina robobinki? Mu zuba na dare biyar." Yaran suka yi wa awarar rubdugu, ƙaramin yana hawaye saboda yaji yana ƙara miƙo hannu. Muka zauna muka lissafa abin da zai zauna a jakar aiki bai lalace ba: gyaɗa, dabino, ayaba. Dattijuwar ta tambaye mu ko muna shan B12. Wannan sinadari tsirrai ba sa ba da shi yadda za a dogara, rashinsa kuma yana taɓa jini da jijiyoyi. Vegan Society na ba da shawarar maikrogiram 10 kullum ko 2,000 a mako. Dattijuwar ta ƙara da cewa mu daina kora wake da shayi, yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe, gara lemo. Matar ta ce za ta dawo ranar Lahadi, amma ba za ta ƙara ba da labarin abin da ta ci ba. Muka ce ba wanda ke bin ta wannan bashin.

Juma'a
Suna a gidan wasu 'yan Katsina, an yanka rago. Wani ya hango farantina ya ce, "Hajiya, an koma akuya ke nan?" Aka yi dariya. Wata ta ce Turawa sun juya mini kai. Ban tanka ba. Can sai kakar jaririn ta yafito ni kicin, ta buɗe wata 'yar tukunya: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ta ce, "An gaya mini. Ban gane ba, amma baƙo ba ya fita gidana da yunwa. Zauna ki ci." Na ci har na yi ƙari.

Asabar
Na yi kiciɓis da saurayin a titin Belgrave, gaban shagon kayan miya. Shi ya fara gaishe ni. Ya ce ya taɓa yin aikin hutu a gonar madara, shi aka sa ya riƙa jan maruƙa zuwa keji, kukan uwayen yana kwana biyu bai tsaya ba. Tun daga nan abokansa suka watse, a gidansu ma shi kaɗai yake cin abinci. Na ce masa da wannan labarin ya ba mu ranar Laraba maimakon ya ɗaga waya, da matar ta zauna ta saurara. Ya ce zai ba ta haƙuri, amma ba zai ce cin cukun daidai ne ba. Na ce ba ta nemi haka ba. Daga nan muka shiga gardamar zuma, shi yana cewa haƙƙin ƙudan zuma ne, ni ina cewa waraka ce a addinina kuma ba zan bar ta ba. Ba mu daidaita ba. Ya tambayi yadda ake ruwan tsamin awara, na ce in bai samu ba ya matse lemon tsami, ya zo da turmi gobe in nuna masa.