Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Jama'a, duk wanda ya kwanta a gadon asibiti ya miƙa hannunsa ga sabon likita, to ya ba da amanar ransa ga wanda bai sani ba. Abin da kawai ya dogara da shi shi ne, akwai waɗansu malamai da suka jarraba wannan yaro suka ce ya isa. To, ta yaya suka jarraba shi? Wannan tambaya ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, tun ina ɗalibin likitanci har na zama mai jarraba waɗansu.

A zamaninmu akan haɗa ɗalibi da majiyyaci guda, a ba shi kamar awa ɗaya ya yi masa tambayoyi ya duba shi, ba mai kallonsu. Sa'an nan malamai su zo su titsiye shi. Watau dai bakinsa ake aunawa, ba wanda ya ga aikin hannunsa. Ga kuma maganar dace: wani ya sami dattijo mai haƙuri da zai zayyana masa ciwonsa daki-daki, wani kuwa ya faɗa hannun wanda zafin ciwo ya hana shi magana. Daga baya bincike ya nuna cewa wanda ya gane ciwon zuciya ba lalle ne ya gane na hanta ba, saboda haka majiyyaci guda bai isa ma'auni ba.

Masana sun nemi magani. A 1963 wani likita a Amurka, Howard Barrows, ya fara koya wa masu lafiya yadda za su kwaikwayi ciwo domin a gwada ɗalibai da su. A 1975 kuma Ronald Harden na Jami'ar Dandi a Sikotland da abokan aikinsa suka bayyana wata sabuwar hanya, wadda ake kira OSCE. Ana jera tashoshi, kowace da aikinta: a nan ka auna jini, a can ka lalubi ciki ka nemi saifa, gaba kuma ka karanta hoton ƙirji. Bayan kamar minti 5 a buga ƙararrawa kowa ya matsa. Tambaya ɗaya ce ga kowa, malami kuma yana tsaye da takardar da aka jera abubuwan da ake so a yi, yana ba da maki. Yawancin makarantun likitanci na Nijeriya sun karɓi wannan tsari, kuma hakika ya fi na da adalci.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. A 1999 Brian Hodges da abokansa a Toronto ta ƙasar Kanada suka gano cewa idan aka bi takardar maki kawai, ƙwararrun likitoci sukan sami ƙasa da ɗalibai, domin gwani ba ya bin kowace tambaya, ya san inda zai dosa. Ni ma na ga ɗayan gefen abin. Na taɓa tsayawa a wata tasha, wani ɗalibi ya shigo ya cika kusan kowane layi na takardar, amma bai gai da tsohon da ke kwance ba, ya yaye masa riga ba izini, ya kuma fita bai rufe shi ba. Takarda ta ce ya ci. Fuskar tsohon kuwa ta faɗi wani abu dabam.

Saboda haka ina kira ga masu shirya jarrabawa da abu uku. A bar wa malami fili ya ba da hukuncinsa a kan aikin gaba ɗaya, ban da ƙidayar layuka. A tambayi majiyyacin ko ya ji an mutunta shi, a sa amsarsa cikin maki. Na uku, a ajiye tasha guda inda ɗalibi zai yi wa marar lafiya bayanin maganinsa cikin harshen mutanen wurin, ko Hausa ko Yarbanci ko Ibo, domin matar da ta kawo ɗanta daga ƙauye ba da Turanci za ta faɗi damuwarta ba.

Ɗalibi yana koyon abin da ya san za a tambaye shi. Idan muka sa ladabi cikin jarrabawa, za mu same shi a bakin gadon asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa likitocinmu su riƙe amana, amin.