Watalu, garin da ya canza sana'a sau uku

Watalu gari ne a ƙasar Kanada, yamma da birnin Toronto. A ƙidayar 2021 mutanensa sun zarce 121,000.

Manoma ne suka kafa shi. A 1806 wani mutum mai suna Abraham Erb ya taso daga Amurka, ya sayi daji a wurin. A 1816 ya gina injin niƙa mai aiki da ƙarfin ruwa. Manoma suka riƙa kawo hatsi daga nesa. Inda ake jiran niƙa kuwa, nan kasuwa ke ci. Haka ƙauye ya tashi.

A 1857 aka buɗe wata ma'aikatar niƙa. Hatsin da ya yi rara, sai a jiƙa shi ya yi tsami, a dafa, a tare tururin ya huce, ya zama barasa mai ƙarfi. Sannu a hankali barasar ta fi garin hatsi kawo kuɗi. A 1883 ma'aikatar ta zama ta Joseph Seagram shi kaɗai. Magidanta da yawa can suke samun abinci, har da masu haɗa gangunan katako. A 1928 aka sayar da ita ga attajiran birnin Montreal. A 1992 masu ita suka rufe ta. Wanda ya gaji aikin daga ubansa ya wayi gari hannu rabbana.

Amma garin bai mutu ba, don tun 1957 an buɗe jami'a. Tsarinta shi ne ɗalibi ya yi wata huɗu a aji, ya yi wata huɗu a wurin aiki, ana biyansa. A 1984 wani ɗalibinta, Mike Lazaridis, ya kafa kamfani da abokinsa. Su suka fito da BlackBerry a 1999, wadda ta zama wayar salula da duniya ta yi yayi.

Ita ma ranarta ta faɗi. Bayan fitowar iPhone a 2007 kasuwarta ta ja baya, aka sallami dubban ma'aikata. Sai dai waɗannan sun fita da ilimi a kansu. Wasu suka kafa ƙananan kamfanonin kwamfuta nan cikin gari. Tsofaffin ɗakunan ajiyar barasa kuma aka mai da su gidajen kwana da ofisoshi.

Ma'aikata, mai ita na iya sa mata kwaɗo ran da ya ga dama. Abin da yaro ya koya a makaranta, babu mai rufe shi. Icen da saiwarsa ta yi nisa, ko an sare shi sai ya yi toho.