Takardar Baba Soja

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake tsakiyar karatun jarabawa ya ajiye shi sai ya samu sarari. Na daɗe ina son in faɗi abin nan kunya tana hana ni, saboda ni ne mai laifi a cikin labarin.

A gidan hayar ɗalibai da nake zaune a Yelwa akwai wani dattijo maigadi. Duk wanda ya taɓa zama a irin gidajen nan ya san irinsa: ɗan benci a bakin get, ƙaramar rediyo, tocila, buta, da tsohuwar rigar sanyi mai ruwan ganye. Baba Soja muke ce masa. Shekara biyu ina wuce shi safe da yamma, ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Mun dai san tsohon soja ne, shi ma daga tsayuwarsa muka gane, da kuma yadda sha ɗaya na dare na bugawa yake garƙame get ko ɗan waye a waje. Wasunmu in sun hango shi sai su ƙame su sara masa don tsokana, a kwashe da dariya. Shi kuwa ko kallo ba mu ishe shi ba.

Wani dare a semestar da ta wuce na dawo daga karatun dare wajen sha biyu da rabi, ga yunwa, ga kwas ɗin da na kwana uku a kansa ban gane komai ba. Na buga get. Ya haske ni da tocila yana tambayata lambar ɗaki, alhali ya san ni sarai. Raina ya ɓaci na ce, “Baba don Allah buɗe mana, nan fa ba bariki ba ne. In jarumta kake ji ai ga Borno can.” Abokaina biyu suka yi dariya. Ya buɗe bai ce uffan ba. Na shige na kwanta, wallahi ko a jikina.

To ranar 15 ga Janairu da safe, hazo ya rufe gari, sanyin nan na Bauchi mai fasa leɓe, na fito zan tafi lakcar ƙarfe takwas sai na ga Baba ya sake kama. Ya yi aski, takalminsa na ƙyalli, ga lambobi uku ya maƙala a ƙirji. A gefensa babban faranti cike da masa, ya tara almajirai yana raba musu. Na zo zan wuce kamar kullum sai ya ce, “Ɗan makaranta, zo mana. Rubutunka yana da kyau?”

Ni a lokacin abin da na sani game da wannan rana bai wuce abin da muke gani a talabijin ba. Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya: shugaban ƙasa a Abuja, gwamnoni a jihohi, a ajiye furanni, a harba bindiga sama, a saki fararen tattabaru, manya su maƙala ɗan tambarin nan a riga, a watse. Kuma maganar gaskiya, ga ɗan Bauchi ranar tana da wani ɗaci daban. A daren 15 ga Janairun 1966 ne sojoji suka ɗauke Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Legas, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa, aka kawo shi gida aka binne. Ga kabarinsa nan cikin gari muna wuce shi a keke. Tun ina yaro abin da na ji a gidanmu shi ne, rana ce da soja suka kashe mana Firayim Minista da Sardauna. Saboda haka ban taɓa jin bikin nan ya shafe ni ba.

Sai daga baya na karanta cewa da can ranar 11 ga Nuwamba ake yi, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta raina, aka dawo da ita 15 ga Janairu saboda a ranar ne a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a gaban Janar Gowon a barikin Dodan, yaƙin basasa ya ƙare. Kuma a daren nan na 1966 ba 'yan siyasa kaɗai aka kashe ba. Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema, Laftanar Kanar James Pam, Birgediya Ademulegun, duk sojoji ne, duk a daren suka tafi. A gidanmu ba a taɓa gaya min wannan rabin ba.

Mu koma bakin get. Baba ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, an ninke ta an sake ninkewa har ta tsattsage a kan ninkin, ta yi ja don tsufa. Ya ce idonsa ya fara rauni, tawadar ma ta koɗe, yana so in kwafe masa a sabuwar takarda da manyan baƙaƙe. Na duba agogo, na duba takardar, na zauna a bencin. Lakcar nan dai ban je ba.

Sunaye ne. Kowane suna da muƙaminsa da garinsu da shekara. Ina rubutawa yana gaya min ko wane ne. Wannan ɗan Zuru ne, tare suka shiga Defot ɗin Zariya. Wannan ɗan Langtang ne, shi ya koya masa gyaran rediyo. Wannan daga Gboko, wannan daga Azare, wannan Bayerabe ne daga Ogbomoso mai yawan barkwanci. Yawancinsu a Laberiya suka rasu, lokacin da rundunar ECOMOG ta sauka Monrobiya a Agustan 1990 da shekarun da suka biyo baya. Wasu kuma a Saliyo, musamman a Janairun 1999 da 'yan tawaye suka kutsa cikin Freetown. Ku duba fa, yaƙin da yawancinmu ko haihuwarmu ba a yi ba, a ƙasashen da in aka ba mu taswira sai mun yi lalube kafin mu nuna su.

Na lura kusan rabin sunayen ba Musulmi ba ne. Ban tambaya ba amma ya ga idona ya tsaya. Ya ce, “Rami ɗaya muka kwana da su. In zan yi sallah wannan ne yake riƙe min bindiga.” Ya ce nasa na Musulmi yana yi musu addu'a ya yi sadakar masa, sauran kuma waɗanda yake da lambar iyalansu yakan sa kati ya kira ya gaishe su, don su san akwai wanda bai manta ba. Mutumin da albashin gadinsa bai kai kuɗin da wasunmu ke kashewa a data ba.

A nan ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ake kiran barikin Zariya da Chindit, na Kawo a Kaduna kuma Dalet. Na ce a'a. Ya yi murmushi ya ce 'yan jami'a ke nan. Sunaye ne daga yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, inda Turawan Ingila suka kwashi dubban samari daga Afirka ta Yamma, da yawansu 'yan Arewa, suka kai su yaƙar Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82, a 1944 da 1945, cikin dazuzzuka da ruwan sama da zazzaɓi. Chindit sunan wata runduna ce ta musamman da bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta, Dalet kuma wuri ne a yankin Arakan. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka je, kuma Allah ya dawo da shi. Waɗanda ba su dawo ba suna can, wasu da kabari, wasu suna kawai aka rubuta a jikin dutse kusa da Rangun.

Da muka zo kusa da ƙarshe na ga wani suna da na sani: Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016. Wanda ya bi labarin yaƙin Boko Haram ya san shi, kwamandan tankokin yaƙi da ya taka rawa wajen ƙwato Baga a 2015. Na ce Baba ka yi aiki da shi ne? Ya ce a'a, ya bar aiki kafin nan. Amma mahaifinsa, Kanar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a nan Bauchi daga 1990 zuwa farkon 1992, kuma makarantar sojojin tanka ta ƙasar nan ai a garin nan take, saboda haka yana ganinsa ɗan gida ne. Sai ya ƙara da cewa shi wannan duniya ta san shi, an binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja manya na tsaye. Yaran da suka mutu tare da shi a daren fa, wa zai iya kawo sunan ko ɗaya? Ni dai ban iya ba.

Suna na ƙarshe ba muƙami babba, farabiti ne, an rubuta 2014. Sunan mahaifin da ke jiki ya sa na ɗago kai, saboda shi ne sunan da na ji mai gidan hayarmu yana kiran Baba da shi. Ya ce, “Ɗana ne. Na fari.” A wajen Bama ta jihar Borno aka kashe shi, a watannin da garin ya faɗa hannun Boko Haram. Wani abokin aikinsa ne ya kira ya faɗa masa. Sau ɗaya ya samu zuwa Maiduguri ya ga kabarin. Ya ce, “Babana ya je Bama ta can ya dawo. Ɗana ya je Bama ta nan kusa bai dawo ba.” Ya faɗe ta ne kamar mai ba da labarin farashin hatsi. Yaran nan biyu da nake gani suna kawo masa abinci da rana cikin kayan firamare, ashe marayun ne. Gadin nan don su yake yi, fansho ba ya isa, wani lokacin ma sai an bi sawu an gaji.

'Yan uwa, biron ya tsaya a hannuna. “Ai ga Borno can.” Ni na faɗa masa haka, da bakina, ina dariya. Na ce Baba ka yafe min maganar da na yi maka ran nan. Ya ce wace magana? Na san ya tuna. Ya ce in gama rubutun sanyi na damunsa.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, kuma ba zan ce ƙarya suke ba. Ni ma an taɓa sauke ni daga mota a wani shinge aka sa ni tsallen kwaɗo ba gaira ba dalili. Akwai waɗanda abin da suka gani a hannun masu kaki ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, har da rasa rai, kuma ba na cewa a rufe bakin kowa. Amma mu da muke Bauchi mu tuna 2014. Mubi ta faɗi, ɗaliban can suka bi daji da ƙafa, aka kai hari Gombe, aka tayar da bam a Azare, a nan cikin gari ma mun ji ƙara. Makarantunmu ba su zama kufai ba. Wasu ne suka tsaya a tsakani, kuma yawancinsu sa'o'inmu ne, 'ya'yan talakawa da suka gama sakandare babu kuɗin jami'a suka tafi Defot. A ajinmu kaɗai akwai mutum uku da ke jiran a buɗe fom ɗin soja da zarar mun gama bautar ƙasa.

Da na gama kwafewa ya sa na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara min biyu da na rubuta ba daidai ba. Na ce bari in kai shagon kwamfuta a buga masa a yi laminatin, ruwa ba zai taɓa ta ba, ba za ta ƙara yagewa ba. Ya ce bugawar dai ya yarda, amma kar a liƙe ta da roba, kuma in ce wa yaron shagon ya bar fili a ƙasa. Akwai abokinsa na Saliyo da ke kwance ba lafiya a Dass tun kafin azumin bara.