Na Daina Tuƙi Bayan Magariba

Da rana idona lafiyarsa ƙalau. Ina karanta jarida da tabarau, ina gane mutum daga nesa, ina hango lambar motar da ke gabana. Wannan ne ya sa na daɗe ban yarda cewa akwai matsala ba. Sai rana ta faɗi abin yake farawa. Gefen kwalta ya haɗe da ƙasa, rami ba ya bayyana sai taya ta faɗa, fitilar kowace mota kuma ta zo da wani zobe na haske kewaye da ita.

Hanyar da na fi bi ita ce ta Kano zuwa Malumfashi, ta Gwarzo da Dayi, domin can mahaifiyata take. Na san kowace kwana a hanyar nan. A hankali na lura cewa da wannan sanin nake tuƙi da dare, ba da gani ba. Idan tirela ta taho ta dalle ni da fitila, duniya takan ɗauke mini baki ɗaya. In riƙe sitiyari da hannu biyu, in ɗaga ƙafa daga totur, in yi ta salati a zuci har ta wuce. Bayan ta wuce ma duhun ba ya sakina nan take. Mai ɗakina tana gefena tana ba ni labari, ni kuwa gumi ne yake bin bayana cikin sanyin hunturu.

Ban faɗa wa kowa ba. Kunya nake ji, kuma ban san yadda magidanci zai buɗe baki ya ce wa iyalinsa ba ya ganin hanya ba. Sai in yi ta mita a kan direbobin manyan motoci da ba sa rage wuta, da fitilun zamani masu farin haske mai kashe ido, da hanyar da babu fenti a tsakiyarta. Duk gaskiya ne, har gobe ina kan bakana. Ga mai babur da babu ko ɗigon ja a bayansa, ga amalanken shanu yana dawowa daga gona, ga motar da ta lalace a kan kwalta, alamarta kawai ganyen da aka karyo aka jera. Amma matasan da ke wuce ni a guje su ma wannan hanyar suke bi, kuma suna gani.

Mai ɗakin nawa ce ta fasa ƙwan. Wani dare mun kusa Gwarzo ta ce, a hankali, "Malam, ka ga mai keken can kuwa?" Ban gan shi ba. Sai da ta faɗa na hango farar hularsa, na kauce. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka isa gida, kashegari kuma da kanta ta ɗauko mini katin asibiti.

Likitan ido ya ɗiga mini magani, ya haska, ya ce yanar ido ce ta fara a idanun biyu, ta dama ta fi. Ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa abokaina. Ƙwayar da ke tattara haske a cikin ido, idan ta fara dishewa, tarwatsa hasken take yi, kamar yadda gilashin mota mai ƙura yake yi idan fitila ta doke shi. Da rana haske ya wadata, mutum ba ya lura. Ko babu yana ma, in ji shi, hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke isa idon ɗan shekara 20 ba, kuma idon babba ya fi daɗewa kafin ya farfaɗo idan haske ya kashe shi. Ya auna mini hawan jinin ido, ya tambaye ni ko ina da ciwon suga, domin su ma suna cin gani ba tare da sallama ba. Dundumin da muka sani a ƙauye, wanda ƙarancin sinadarin bitamin A yake kawowa, shi ma da dare yake nuna kansa.

Lissafin da na yi a gida shi ya fi girgiza ni. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan haske ya makantar da ni daƙiƙa uku kacal, na shafe fiye da mita 80 ban ga komai ba, da matata da jikokina a cikin motar, da ɗan wani a kan keke a gabana.

An yi mini aikin idon dama, an cire ƙwayar da ta dishe an sa ta roba, aikin da bai kai awa guda ba. Gani ya dawo fiye da yadda na zata. Na hagu yana jiran lokacinsa. Duk da haka na tsayar wa kaina ƙa'ida: la'asar ta same ni a inda zan kwana. Idan tafiyar dare ta zama dole, ɗana ne yake ja. Ranar farko da ya miƙo hannu ya ce, "Baba, kawo mukullin," sai da na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ni na koya masa tuƙi. Na zauna a kujerar gefe ina taka birkin da babu shi.

Ni ina da ɗan da zai ja ni, kuma abincina ba a kan sitiyari yake ba. Maƙwabcina direban haya ne, ya girme ni, kuma lodin dare yake yi domin ya fi kuɗi. Na ga yadda yake runtse ido idan babur ya hasko mu a ƙofar masallaci bayan isha'i. Da na yi masa maganar awon ido sai ya ce, "Malam, in likita ya ce in ajiye, wa zai ciyar da gidan?" Na ce masa yana ana cire ta, ga ni shaida, kuma ajiye motar ta ɗan lokaci ce. Ya ce sai bayan salla. Na ce ni zan kai shi, da safe.