Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

A wani ƙauye kusa da Dandume akwai wani dattijo manomin masara, yana renon kwikwiyo saboda gadin gona da farautar rani. Ana tsakiyar kaka sai kwikwiyon nan ya kwanta da amai da zawo mai jini, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Maƙwabta suka ce a bar cikin ya huta, yunwa ce maganinsa. Waɗansu kuwa dariya suka yi, wai wa ya taɓa jinyar kare? Dattijo bai tanka musu ba, ya sa shi a kwali, ya ɗaure a bayan babur, sai Funtuwa wajen likitan dabbobi.

Da likita ya duba sai ya ce, "Baba, wannan ita ce cutar da muke kira fabo, wadda ta bazu cikin karnukan duniya a 1978. Hanji take ci. Za mu yi masa ƙarin ruwa da allurar tsai da amai, amma shi hanji da abinci yake farfaɗowa."

Maganar likita kuwa tana da tushe. A 2003 masana a Jami'ar Firitoriya ta Afirka ta Kudu sun nuna cewa kwikwiyon da aka fara ciyarwa da wuri, ta siririn bututu a hanci, ya riga wanda aka bari da yunwa murmurewa. Lamarin kyanwa ma ya fi tsanani, domin idan mai ƙiba ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta, har ya kai ta ga halaka.

Sai dai ciyarwar tana da ƙa'ida. Ba a ɗura wa dabbar da ba ta iya haɗiya, don kada abinci ya faɗa huhu, ba a kuma cika wa wadda ta daɗe da yunwa ciki gaba ɗaya. Haka dattijo ya kwana huɗu yana ɗiga masa romon kaza da sirinji, kaɗan-kaɗan, ba albasa ba tafarnuwa, don suna lalata jinin kare.

Ran na biyar da asuba ya fito alwala, sai ya tarar da kwikwiyo a tsaye, ƙafafu na rawa, yana lasar kasko da kansa. Da maƙwabcin da ya fi kowa dariya ya leƙo, iyakar abin da dattijo ya ce masa shi ne, "Malam, da na bi ta taku, da yau rami nake haƙa."