Labarin Gadar Kogin Zambezi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata gada da Allah Ya nufe ni da takawa, gama tun da na komo Rano ake ta tambayata, har bakina ya gaji.

Gadar nan tana bisa kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, dab da babbar matsirgar ruwa wadda Dokta Livingstone ya laƙaba wa sunan Sarauniya Victoria cikin 1855. Mutanen wurin kuwa tun kaka da kakanni Mosi-oa-Tunya suke ce mata, watau hayaƙi mai tsawa. Wanda ya ga matsirgar Kafanchan kada ya ce ya ga irinta, don faɗin wannan ya ɗara mil guda.

Wani Bature, Cecil Rhodes, shi ya ƙudurta zai ja hanyar jirgin ƙasa tun daga Cape Town har Alƙahira. Ya ce a kafa gada inda feshin ruwan zai riƙa sauka bisa taragai. Sai ga shi ya rasu cikin 1902, bai ko taɓa ganin wurin ba. A Darlington ta Ingila aka ƙera ƙarafan, jirgin ruwa ya sauke su a Beira, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su. Da ya ke kwazazzabon ya faye zurfi, ba a kafa ginshiƙi ko ɗaya cikin ruwa ba, sai aka taso da gini daga gaɓa biyu. Ran da za a gama su a tsaka, zafin rana ya sa ƙarfe ya miƙe, ya ƙi shiga. Da sanyin dare ya buge shi, kashegari da sassafe sai ya zauna daram. Aka buɗe ta ran 12 ga Satumba 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Bebeji da Kano. Tsawonta ƙafa 650, daga kanta zuwa ruwa kuwa ƙafa 420.

To, jama'a, ga abin da ya tsaya mini a rai. Don gama ƙasashe aka yi gadar nan, amma ta koma kan iyaka, har Ian Smith, shugaban Turawan da ke mulkin Rodeshiya, ya rufe iyakar cikin 1973. Cikin Agusta 1975 aka tsai da tarago a tsakiyarta cif, don a yi shawarar sulhu. Smith da mutanensa suka zauna ta gefen Rodeshiya, shugabannin baƙar fata ta gefen Zambiya, domin waɗansunsu in sun taka ƙasar haihuwarsu kama su za a yi. Kaunda na Zambiya da Vorster na Afirka ta Kudu duk sun zo. Aka wuni ana magana, aka tashi ba a shirya ba, yaƙi ya ci gaba. Sai 1980 Zimbabuwe ta sami mulkin kai.

Hanyar jirgin nan dai ba ta kai Alƙahira ba. Ni kuwa da ƙafa na haye, fasfo a hannu, bayan waɗansu mata masu tallar kaya a ka. Feshin da Rhodes ya yi buri ni ya jiƙa wa riga sharkaf.

Haza wasalam.

Wani akawu,
Rano.