Makoko: Kafin Ka Ɗauki Hoto, Yi Sallama

Duk wanda ya bi ta gadar Third Mainland a Legas zai hangi gidajen katako tsaye kan turaku a cikin ruwa, hayaƙi na tashi a samansu. Nan ne Makoko, unguwar masunta da yawancinsu 'yan ƙabilar Egun ne, masu asali da Badagry da Jamhuriyar Benin. A hutun da ya wuce na je can ɗaukar hotuna da wayata.

A ɓangaren da ke kan ruwa babu titi, kwale-kwale shi ne mota, shi ne shago. Yaro ƙarami zai wuce ka yana tuƙi shi kaɗai, mai sayar da burodi ta tsaya da nata jirgin a ƙofar gida. Hayaƙin kuwa na bandar kifi ne, sana'ar mata.

Hoto ya fi kyau da sassafe, lokacin da masunta ke dawowa kuma rana ba ta yi ƙarfi ba. Da hantsi ya dubi ludayi, ruwa kan mayar da haske, sai fuskoki su fito duhu a waya. Dabarar ita ce ka juya wa rana baya, kuma kada ka miƙe tsaye cikin jirgi.

Amma babban darasin ba na haske ba ne. Mutanen nan sun gaji da baƙi masu ɗaukar hoton talaucinsu su wuce. Suna da dalili: a watan Yulin 2012 gwamnatin jihar ta rushe wasu gidajen bayan wa'adin awa 72. Wanda aka taɓa rusa wa gida ba ya yarda da kowace kyamara, don bai san inda hoton zai je ba.

Shi ya sa ake fara neman izinin Baale, wato mai unguwa, a tafi da ɗan gari. Wata uwa ta ɗaga min hannu alamar a'a, na sauke waya. Wata kuma ta ce in jira ta gyara ɗankwali, kuma nata hoton ya fi kowane kyau.

'Yan uwana ɗalibai, ruwa da jirage ba sa cewa komai, amma mutum yana da ta cewa. Ku gaisa, ku tambaya, ku nuna masa hoton kafin ku sa shi a Facebook.